Sanda ta Huɗu ta Mista Verlon Gaskins

"... shi ya sa kullum nake cewa uku. Uku, yaro. Duk wanda ya shiga jirgi da sandar fatsa fiye da uku, ba kifi ya je nema ba, 'yan kallo ya je nema."

"Haka ne, Yallaɓai."

"Ba 'haka ne' nake so ba, Wiley. So nake ka fahimta. Ɗaya mai tauri, ta jefa tanar roba cikin ciyawa da kututture. Ɗaya matsakaiciya, ta koton da ke iyo. Ɗaya mai laushi da siririn zare, don ranar da ruwa ya yi garau, kifi ya yi wayo. Shi ke nan. Sauran duk kwalliya ce."

Mista Verlon Gaskins ya faɗi wannan ne a garejinsa, yana tsaye a gaban sandunansa na fatsa, waɗanda suka rufe bango biyu da rabin rufi. Ba a taɓa samun wanda ya gama ƙirga su ba. Motar matarsa ta daɗe tana kwana a waje saboda su.

Garinmu Tullis Ferry gari ne mai sa'a. Wasu garuruwan Alabama an ba su masana'anta, wasu an ba su jami'a. Mu an ba mu Mista Verlon. Tsohon dillalin inshora ne, mai cikar zati da cikar ciki, kuma shugaban ƙungiyarmu ta masu kamun kifin bas tun ina ɗan firamare. Yana da farar hular kyaftin da ba ya cirewa sai a coci, a can ma yakan ɗora ta a gwiwa inda za a gan ta. Sarkin Ruwa muke ce masa a bayan idonsa. Da sunan ya kai kunnensa bai ji haushi ba. Sai ya sa aka ɗinka masa shi a bayan riga.

Hidimar da ya yi mana ba ta faɗuwa. A gasarmu mutum biyu ke shiga kowane jirgi, ƙuri'a ce ke haɗa su: mai jirgi a gaba, wanda ba shi da jirgi a baya. Ɗan baya muke ce masa. Duk kifin da ka kawo sikeli maki ne, wanda kuma ya fi maki a ƙarshen shekara shi ne shugaba a shekara mai zuwa. Mista Verlon ya lura cewa 'yan baya mutane ne marasa tarbiyya, masu ɓata wa mutum dardumar jirgi, sai ya tausaya musu ya yi musu dokoki. Ɗan baya ba ya jefa ƙugiya gaba da tsakiyar jirgi. Ba ya gaya wa mai jirgi inda za a nufa. Shi ke kawo abin taɓawa. In an dawo, shi ke zuwa ya ɗauko mota a fitar da jirgi, shi ke goge shi. Jakarsa ɗaya ce, wadda za ta shige ƙarƙashin kujera. Sandunansa uku, in kuwa ya yi fatsa da ta huɗu, kifinsa na ranar duka ya faɗi. Babu wanda bai haddace su ba, don yakan rero mana su a kowane taro kafin a kawo soyayyar tarwaɗa, abincin yana hucewa muna kallo.

Shi kuwa yana tsaye a gaban jirginsa mai ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin gilashi, yana fara jefa koto a gindin kowane kututture kafin na baya ya iso wurin. Ta haka baiwarsa ta fito fili shekara da shekaru.

Sai aka yi abin nan na watan jiya. Yana magangara, gangaren da ake bi a kai jirage bakin tafkinmu, yana koya wa wasu baƙi yadda ake saka jirgi a ruwa, ya manta bai mayar da matoshin da ke gindin jirgin ba. Jirgin ya saurari jawabin har tsakiya, sannan ya nutse a hankali, cikin ladabi. Mista Verlon ya bayyana mana cewa dama ya daɗe yana so ya gwada kamfanin inshorarsa. Jirgin yana wurin gyara, ga gasar ƙarshe ta shekara ta iso. A karon farko a tarihi sunan Sarkin Ruwa ya shiga cikin 'yan baya, ƙuri'a kuma ta faɗo a kan ɗan jirgina na alminiyam.

Lissafin ba wuya. Yana kan gaba da maki. Kifi ɗaya tak, in dai ya kai tsawon da doka ta yarda, zai riƙe masa kujerarsa. In ya dawo hannu wofi, shugabanci ya koma wurin Anti Earline Mabry mai shagon gyaran gashi, wadda ke bin sa a maki. Ajinsu ɗaya a makaranta, shi ya sa a duk garin ita kaɗai ke kiran sunansa gatsau, babu Mista babu Shugaba.

To, ranar jajibirin gasa ya kira ni garejinsa da la'asar in koyi yadda ake zaɓen sanda. Na zauna a kan bokiti na koya.

Ya sauko da ɗaya, ya girgiza ta, ya kasa kunne kamar za ta yi masa magana, ya mayar. Ya sauko da wata, ya ba ni labarin kifin da ya kuɓuce mata, wanda girmansa ya ƙaru sau biyu kafin labarin ya ƙare. Ya mayar. Ya ware uku, ya dube su, ya waiwaya ya dubi sauran da ke bango, idonsa ya kawo ruwa kamar uban da aka ce ya zaɓi 'ya'yan da zai tafi da su biki. Ya mayar da su duka. Matarsa ta leƙo ta ce abinci ya huce, ya ɗaga mata hannu ba tare da ya waiwaya ba.

Daga ƙarshe hikima ta yi aikinta. Ta farko ita ce wadda aka kawo masa daga Japan, wadda ya nuna wa kowa a gari har likitan haƙori. Ta biyu ta fi kowace tsawo. "Don tun daga nesa a san wane ne a jirgin," in ji shi. Ta uku ja ce, daidai da launin rigar da zai sa. Ya hure mata ƙura, muka yi atishawa tare.

"Yallaɓai, wacce ce mai taurin, wacce ce mai laushin?" na tambaya, don in tabbatar na fahimta.

"Wancan tsarin na masu koyo ne, yaro. In mutum ya kai wani mataki, hannunsa ne ke yin tauri ko laushi."

Jakar ma ta ba da wahala. Kwaɗin roba, tanar roba kala-kala, ƙananan kifayen katako masu idon gilashi, dalma, ƙugiyoyi, duk suka ƙi shiga. Nan ma bai rasa mafita ba. Doka jaka ta ambata, ba ta ce komai a kan aljihu ba, shi kuwa ya fi kowa sani tunda shi ya yi ta. Ya ɗauko wata falmaran mai aljihu ciki da waje, ita ma an ɗinka Sarkin Ruwa a bayanta, ya cika ta. Da ya gwada ta ya yi taku, sai ka ce mai tallar makulli ne ke wucewa.

Muna fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga kai. A saman ƙofar akwai wata sanda ita kaɗai, a kan ƙusoshi biyu masu ruwan zinariya. Ƙungiya ce ta ba shi kyautarta. Shi ya kawo shawarar a ba shi, shi ya zaɓo ta, shi ya tsara rubutun da ke jikinta: Ga Verlon Gaskins, Uban Tafki. Ba ta taɓa shan ruwa ba. Ledar da aka naɗe mariƙinta da ita a kanti tana nan, sumul, tana sheƙi.

"Sai da safe, Yallaɓai," na ce.

Bai ji ni ba.

Da gari ya waye aka hallara a magangara. Mista Hoyt Sizemore, mai kula da sikeli, shi ke duba kayan 'yan baya. Dogon dattijo ne da ba a taɓa gani yana dariya ko sauri ba. Ya tsaya a kan jirgina, ya ƙirga sanduna da yatsa, ya sake ƙirgawa.

"Huɗu, Shugaba."

"Uku, Hoyt."

"Ga ja, ga doguwa, ga ta Japan, ga mai suna."

Mista Verlon ya gyara hula, ya juyo ya fuskanci jama'a, don ba ya son a ɓata amsa mai kyau a kan mutum ɗaya.

"'Yan uwa, ku zama shaida. Wannan ba kayan kamun kifi ba ce. Alamar ofis ce. Ta kujera ce, ba tawa ba. Duk inda shugaban ƙungiya ya shiga ruwa, ya kamata a gan ta tare da shi, don martabar ƙungiya. Da a ce jirgina ne, hula ta isa. Amma a irin wannan," ya nuna jirgina da haɓa, "dole a sami abin da zai tuna wa mutane."

"Ta kujera ce," in ji Mista Hoyt.

"Ta kujera."

"Kowa ya ji?"

Kowa ya ji. Anti Earline tana zaune a jirginta tana ɗaure ɗankwali a ƙarƙashin hula. "To ka riƙe ta da kyau, Verlon," ta ce. "Ka duba ko yaron ya sa matoshi, tunda kai ne gwani."

Muka tashi.

Ban taɓa sanin bayan jirgi wuri ne mai wahala ba sai da na ga babban mutum a can. Kujerar ta yi masa kaɗan, falmaran ta yi masa yawa. Duk kututturen da na matsa kusa da shi, kafin bayan jirgi ya iso na riga na jefa, kamar yadda na gani a wurinsa. Doka ta hana shi gaya mini inda za mu, saboda haka bai gaya mini ba. Sai dai ya riƙa yi wa iska magana.

"Da wani ne da jirgin nan, da yanzu yana gindin gada."

Na ci gaba da jifata, don ba da ni yake ba.

"Wani mai hankali."

Ta Japan ce ta fara. Wani jirgi ya wuce, Mista Verlon ya so ya ɗaga musu hannu ya kuma yi jifa mai kyau a lokaci guda, iska kuma tana fuskantarsa. Zaren ya cukurkuɗe a kan abin naɗinsa ya zama sheƙar tsuntsu. Ya zauna yana tsinta har rana ta ɗaga, sannan ya ajiye ta ya ce mutanen Japan ba su san iskar Alabama ba.

Doguwar ta yi aikin da aka ɗauko ta dominsa: an gan ta daga nesa. Reshen wata bishiya ma ya gan ta. Mun shiga wani lungu mai inuwa, ya ɗaga ta zai yi jifa, muka ji ƙas. Ta dawo daidai da sauran a tsawo.

Ja ta fi su biyayya. Sau biyu kifi ya taɓa, sau biyu ya fizga, sau biyu zaren ya tsinke kamar gashin masara. Zaren da aka sayo ta da shi ne, ya yi shekaru a gareji yana jiran wannan rana.

"Manya ne," in ji shi. "Ƙananan kifi ba sa kusantata. Suna ganewa."

Ni dai na sami 'yan biyu, marasa labari, na saka a akwatin ruwa. Rana ta karkata. Mista Verlon ya buɗe abin taɓawar da doka ta ɗora masa kawowa, dafaffiyar gyaɗa ce a leda, tana iyo cikin ruwan gishirinta. Ya miƙo mini kaɗan, ya ci da yawa. Yana ɓarewa yana kallon alamar ofis da ke kwance a gefensa. Ya dubi gabas, ya dubi yamma. Babu jirgi ko ɗaya.

"Wiley."

"Na'am, Yallaɓai."

"Ka san shugaba yana da alhakin duba kayan ƙungiya lokaci-lokaci."

"Ban sani ba, Yallaɓai."

"To yanzu ka sani. In wata rana aka tambaye ni ko abin nan na aiki, me zan ce? Dubawa zan yi. Dubawa daban, fatsa daban."

Ya zaro tanar roba daga aljihu na sama, ya soka a ƙugiya, ya jefa can bayan jirgi inda ruwa ke da zurfi. Gaskiya jifar ta yi kyau. Ya riƙe sandar da hannu ɗaya, ruwan gyaɗa na bin yatsunsa yana sauka a kan ledar mariƙin, ɗaya hannun kuma ya ɗaga shi sama don jawabi.

"Ka ga, yaro, bambancin masunci da mai riƙe sanda shi ne riƙo. Ba a damƙe ta kamar gatari. Ana riƙe ta ne sako-sako, da 'yan yatsu, yadda in kifi ya numfasa a ƙasa..."

Kifin bai numfasa ba. Ya ja ne kawai. Sandar ta suɓuce daga hannunsa kamar sabulu a wurin wanka, ta daki ruwa, ta yi ɗan iyo da sunansa a sama, sannan ta bi kifin ƙasa.

Mista Verlon ya daɗe a tsaye, hannunsa a lanƙwashe yana riƙe da iska.

"Tana aiki," ya ce daga baya. Ya zauna.

Na tayar da inji muka koma.

A magangara an kafa sikeli a bayan motar Mista Hoyt, jama'a sun kewaye. Aka auna na duk waɗanda suka iso. Da aka zo kan Shugaba, sai ya yi gajeren jawabi a kan yadda tafki ya lalace, kifi na gaske suka ƙare, saura 'yan ƙananan da ba su dace mutum mai mutunci ya wahalar da su ba. Yana cikin haka jirgin Anti Earline ya iso, shi ne na ƙarshe. Ta miƙa nata guda uku madaidaita, aka auna. Sannan ta koma jirgi ta dawo da abu biyu. A hannun hagu kifin bas ne wanda ban taɓa ganin irinsa a tafkinmu ba, cikinsa kamar na mai juna biyu, bakinsa zai haɗiye dunƙulen hannu. A hannun dama sanda ce, ciyawa na rataye a jikinta, rubutun zinariya na ɗigar ruwa. Zare ɗaya ya haɗa su.

"Wannan ba nawa ba ne, Hoyt," ta ce. "Kotona ne ya sarƙe wani zare a gindin gada. Na jawo, sanda ta fito. Na naɗe, wannan ya biyo. Ni sanda na kama. Sanda ce ta kama kifi."

Mista Hoyt ya ɗora shi a sikeli. Laba tara da ɗoriya. Babu wanda ya kawo kamarsa a shekarar, ko a wadda ta wuce. Ya karanta rubutun jikin sandar a hankali, kamar bai san mai sunan ba, sannan ya juyo.

"Shugaba, kai ka yi fatsa da ita?"

Kifin yana buga jela a kan sikeli. Na ga idon Mista Verlon ya sauka a kan kifin ya ƙi tashi. Irin kifin da ya yi shekaru yana ba mu labarinsa ne, ga shi yau ya zo da kansa, ɗauke da sunansa. In ya ce eh, kifin nasa ne a bakin duniya, amma sanda ta huɗu ce, doka ta cinye shi, kuma kowa ya ji abin da ya rantse a kai da safe. In ya ce a'a, ba shi da ko ɗaya.

Ya gyara hula.

"Alamar ofis ba ta fatsa. Zamewa ta yi ta faɗa ruwa."

"Da tana a bakin ƙugiya?" in ji Anti Earline.

"Kayan ofis kullum a shirye suke."

Mista Hoyt bai dube ni ba, na kuma gode masa, don ni kaɗai na ga yadda aka yi. Ya gyaɗa kai.

"To. Shugaba ba shi da kifi. Earline tana da uku, ta wuce shi. Wannan babban kuma za a sa shi a allon bangon gidan abinci, kifi mafi girma na shekara. Wanda ya kama: sandar ƙungiya, ita kaɗai, ba mai ita." Ya ɗaga kifin ya miƙa a mayar da shi ruwa.

Mista Verlon ya matso ya miƙa hannu zai karɓi sandarsa. Mista Hoyt ya riga shi ɗauka.

"Ta kujera ce, ka ce."

"Hoyt, sunana ne a jiki."

"Kowa ya ji da safe," in ji Mista Hoyt, ya miƙa wa Anti Earline da hannu biyu.

Ta juya ta, ta gwada nauyinta, ta lanƙwasa kanta kaɗan. "Matsakaiciya ce," ta ce. "Dama irinta nake nema, in cike uku." Ta zaro ɗan almakashi daga aljihun riga, ta tsarge ledar mariƙin daga sama har ƙasa, ta ɓare ta, ta danƙa wa tsohon shugaba a tafin hannu.

"Riƙe wannan, Verlon. Ita ce taka."

Ya tsaya da leda a hannu. Jama'a suka gyara tsayuwa don sun saba da jawabi, shi kuwa ya ci gaba da jujjuya ledar. Jirgina yana bakin ruwa yana jira, cike da ɓawon gyaɗa. Na so in je in ɗauko motar da kaina, har na sa hannu a aljihu. Sai na tuna mutum ne mai girmama doka, kuma ba zai so a karya ta a gabansa ba.

Na miƙa masa makullin.

"Tana can ƙarshen fili, Yallaɓai. Tsumman yana bayan kujera."

Ya dubi makullin, ya dube ni. Ya cusa ledar a aljihu ɗaya da ya rage babu komai a ciki, ya juya ya hau gangaren, falmaran na kaɗawa, Sarkin Ruwa a rubuce a bayansa.